Fistin Ɗin Da Na Jefa Cikin Gwangwani

Aikin farko yau, bayan sallar asuba: ciro fistin daga gwangwanin tarkace, wanke shi da kananzir, gwada shi. An yi.

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da sunan da na saba kiranki da shi, tunda sunan mahaifiyata kika ci, bakina ba ya iya faɗarsa. Ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina cikin ƙoshin lafiya, kin sauka lafiya, kin samu ɗaki da abokan zama na kirki.

Na san abin dariya ne mutum ya rubuta wasiƙa ga wanda katanga ɗaya ce tsakaninsu. Yanzu haka ina jin ki kina jan akwati a tsakar gida, mahaifiyarki tana faɗa a kan yajin da kika ƙi ɗauka. Jiya na gwada gaya miki da baki. Na zo har ƙofar ɗakinki, na yi gyaran murya, kika ce, "Na'am, Baba." Sai na ji kaina ina tambayarki ko kin sayi kwaɗon akwati. Kika ce kin saya. Na ce madalla, na juya. Fiye da shekara ashirin ke nan ina rubuta abin da na yi kowace rana a littafi, har ya zama takarda kaɗai nake iya gaya wa gaskiya. Ki yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya mahaifiyarki ta faɗa min abin da kika ce mata. Wai malaminku ne ya matsa kika cike fannin aikin injina, kuma da zarar kin isa makaranta za ki nemi a sauya miki zuwa aikin ofis. Da ta tambaye ki dalili, kika ce ai Baba ya fi kowa sanin ƙarfe, shi ya ce hannunki ɓarna yake yi. Ta faɗa min tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Tun daga lokacin abinci bai yi min daɗi ba. Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu. Amma sai na fara daga baya, don ki san wane irin mutum ne ya faɗa miki ita, ki san nauyin da ya kamata ki ba ta.

Kina da shekara biyar na fara ƙera ɗan jirgin ƙasan nan, don haka kin tashi kin gan shi ne kamar yadda kika ga randa da turmi. Asalinsa daga kakanki ne, Baffa. Yana saurayi ya yi lebura a Gagarawa Tasha, yana loda buhunan gyaɗa, lokacin da kan jirgi mai cin gawayi yake tsayawa a can. Ni ban tarar da shi ba. Amma Baffa ya ba ni labarinsa har na haddace: yadda yake huci kafin ya tashi, yadda sandar da ke haɗe ƙafafunsa take kai da kawowa kamar hannun mai daka. Da na gama sakandaren fasaha ban samu ci gaba ba, na kama aikin ofis a nan Gumel. Wata ranar kasuwar Maigatari na ga wani mutumin Damagaram yana sauke tsohon injin sassaƙar ƙarfe daga babbar motar kaya, duk ya yi tsatsa. Ya ce min tun zamanin ubansa ba a kunna shi ba. Na saya, na kawo shi gida a amalanke daga tasha, na kafa shi a ɗakin zaure, na yi wata takwas ina gyara. Ranar da ya juya na gaya wa Baffa zan ƙera masa kan jirgin nan ƙarami, tsawon kamu biyu, mai cin gawayi da ruwa na gaske, ya ga yana tafiya a tsakar gidansa. Na ce shekara biyu. Bana shekara goma sha uku.

Kuskurena na farko da zan gaya miki bai shafi jirgin ba kai tsaye. Shekara bakwai da suka wuce wani manomi daga Sule Tankarkar, Malam Sale, ya zo ƙofar gida da sandar injin ban ruwansa a naɗe cikin buhu. Bakinta ne ya cinye. Yana da lambun tumatir da albasa, ya ce kwana uku ke nan ba su sha ruwa ba, an gaya masa akwai mai injin sassaƙa a Gumel. Na karɓa na duba. Aikin awa biyu ne. A yi mata walda a cika bakin, a ɗora a inji a mayar da ita kaurinta. Na san yadda ake yi, na taɓa yi a makaranta. Amma ina riƙe da ita sai zuciyata ta ce, idan ka ɓata fa? Zai koma garinsu ya ce Injiniyan Gumel bai iya komai ba. Sai na ce masa injina ba na irin wannan aikin ba ne, ya kai Kano. Ya leƙa ɗakin, ya ga ƙafafun jirgi a jere a kan tebur suna ƙyalli, ya ce, "To wannan na wane aikin ne, Malam?" Na ce na jirgi ne. Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya naɗe buhunsa. Daga baya na ji kafin ya je Kano ya dawo tumatirin ya ƙone. A littafina na ranar na rubuta, "Ba ni da lokaci." Ina da lokaci. Tsoro ne.

Uwata, duk ranar da wani ya kawo miki abin da kika iya, ki gaya masa gaskiya: zan gwada, yana iya yiwuwa, yana iya ƙin yiwuwa. Ki bar shi ya zaɓa. Kada ki ce masa ba ki da lokaci alhali tsoro kike ji. Da na gwada na ɓata, da Malam Sale bai yi asarar da ta wuce wadda ya yi ba, kuma da ni na koyi wani abu.

Na biyu ya fi ciwo. Kin tuna yadda Baffa yake tsokanata. Duk Juma'a in ya zo cin abinci sai ya tsaya a bakin zaure da sandarsa ya ce, "Direba, yaushe za mu tashi? Ni fa na yanki tikiti tun bara." Ke kuma ya ce miki uwargida, ki haɗa kaya, Nguru za ku. Kina dariya kina ce masa ke ba ki tafiya da tsoho. A lokacin tukunyar tururi ta gama, ƙafafu sun gama, silinda ta gama. Fistin ne ya gagare ni, wato ɗan guntun tagullar nan da ke kai da kawowa cikin silinda, wanda tururi ke turawa ya juya ƙafafu. Dole ya zauna cif, ba matsi ba sako-sako. Na yi bakwai. Duka bakwai ɗin in na auna a kan inji daidai suke, in na zo sakawa washegari sai su yi sako-sako, iska tana bi ta gefe.

Da ciwon Baffa ya yi nauyi, wata rana ya kira ni ya ce ba sai an hura wuta ba. In ɗauko jirgin, in kira mai faci na bakin titi ya zo da injin iskarsa, a hura masa iska ƙafafun su juya ko sau ɗaya ya gani. Zai yiwu. Ko da fistin mai sako-sako ƙafafun za su juya, sai dai da huci da yoyo. Na ce masa ya ƙara min wata ɗaya, ba zan nuna masa abu mai yoyo ba. Ya ce, "Kai ne kake jin yoyon. Ni kunnena ya daɗe da mutuwa." Muka yi dariya. Kwana goma sha tara bayan haka muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ban san shawarar da zan ciro miki daga wannan ba wadda ba ki riga kin gane ba. Sai dai in ce, in malami ya ce a kawo aiki ranar kaza, ki kai abin da kike da shi ranar. In wanda kike ƙauna ya ce ki nuna masa, ki nuna masa yadda yake. Ni na ɗauka jirgin nake girmamawa da Baffa. Yanzu na gane kunyata kawai nake karewa.

To, ga wanda ya shafe ki.

Shekara guda bayan rasuwar Baffa, kina da goma sha huɗu. Tun kina ƙarama kike zama a dokin ƙofar zaure kina kallo, ban taɓa cewa ki shigo ba, ban taɓa cewa ki tashi ba. Ban san kin haddace komai ba: yadda ake ɗaure ƙarfe a bakin inji, yadda ake matso da wuƙa, yadda ake karanta ma'auni. Wata Asabar na tafi ta'aziyya Gagarawa. An kawo wuta da hantsi, kika ɗauki mabuɗi daga ƙarƙashin tabarmar salla, kika yanko guntun tagulla daga sandar da na ciro a tsohon famfo. Da na dawo bayan la'asar kika tare ni a zaure, hannunki duk baƙin mai, kika miƙo min fistin a tafin hannu biyu kamar mai miƙa goro.

Na tuna abin da kika ce, kalma da kalma. "Baba, ina cikin yi Mama ta aike ni niƙa, saura kaɗan ya kai. Da na dawo na auna sai na ga ya kai da kansa, sai na bar shi. Ashe zafi ne yake kumbura shi."

Na karɓa na saka a silinda. Ya gangara a hankali da nauyin kansa. Na toshe ramin da babban yatsa na ja shi, ya koma da kansa. Ba a samun abin da ya fi haka. Ina tsaye na gane abin da ya faru da bakwai ɗina. Kullum daga ofis nake dawowa in shiga aiki a ƙarƙashin rufin kwanon nan da rana ta gasa, in yi ta ci ba tsayawa har tagulla ta yi zafin da ba a taɓawa, in auna ta a haka, in kai ta daidai. Ta kwana ta huce ta tsuke. An koya mana wannan a aji biyu. Na rubuta shi a jarrabawa na ci. Shekaru ina zargin ma'auni, ina zargin tagulla, ina zargin mutumin Damagaram, ina cika shafuka da lambobi, ban taɓa ajiye aikin na tafi shan ruwa ba. Ke aiken niƙa ya koya miki a yini ɗaya abin da, da na tuna shi, da Baffa ya ga jirginsa.

Kina tsaye kina jira. Na zare shi na ce ya yi kauri, kin ɓata min tagulla, hannunki ɓarna yake yi, kuma wa ya ba ki izinin taɓa mabuɗi? Na jefa shi cikin gwangwanin madara da nake tara tarkace. Har yanzu ina jin ƙarar. Ba ki yi kuka ba. Kika ce, "Ka yi haƙuri, Baba," kika je kika wanke hannu da toka. Daga ranar ba ki ƙara zama a dokin ƙofar ba. In an aiko ki kirana, daga tsakar gida kike sallama.

Mahaifiyarki ta tambaye ni da magariba ko da gaske ya lalace. Na ce mata ba ta san kan aikin ba. Ta ce gaskiya ne, ita abin da ta sani shi ne jirgin nan ko ƙofar gida bai taɓa zuwa ba, amma ya take mutum. Na buɗe littafi na rubuta kalma uku: "Nata ya fi." Yau da safe na yage shafin, yana cikin wannan ambulan. Ki duba, rubutuna ne, tawadar ta koɗe.

Za ki ce, to me ya hana ni yin wani tunda na gane sirrin? Na tambayi kaina. In na yi shi yadda kika yi, kuma ya zauna, to na amsa cewa kin fi ni. Sai na bar fistin na koma wasu abubuwa. Na yi wata shida a kan usur. Na yi fitilar gaba, na yi fenti, na kankare, na sake. Kowace Asabar ina rubutawa a jerin ayyuka: "Yi wa Uwata magana." Jiya na duba littattafan, layin yana nan mako bayan mako, ban taɓa soke shi ba. Ina jiran ranar da zan samu kalmomin da suka dace, kamar yadda na jira fistin da ya dace har aka binne Baffa.

Yanzu kuma ga abin da mahaifiyarki kaɗai ta sani. Zuwana Kano da azumin bara ba aikin ofis ba ne. Likitan ido na gani. Ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya kusa tafiya, na dama ana riƙe shi da magani gwargwadon abin da Allah Ya nufa. Ba na ganin layukan ma'auni ko da gilashi. Sau biyu na gwada yin fistin a bana, na bari ya huce yadda ya kamata, amma na kasa karanta inda na kai, wuƙa ta wuce. Wannan rubutun da kike gani manya-manya ba ado ba ne. Yau da asuba da yatsa na gwada naki, ba da ido ba. Shekara huɗu a cikin tarkace, ya yi baƙi, amma ya gangara a hankali kamar ranar farko.

Ba na ganin jirgin nan zai tashi a hannuna. Na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Ƙannenki ba wanda ya damu da shi, kuma ban ga laifinsu ba, abin da suka sani game da shi shi ne kada a taɓa. Wata rana mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ya ɗora shi a sikeli tare da injin sassaƙar, ba zai san wace ƙusa ce ta ci min mako uku ba. Yara a unguwa suna kirana Mai Jirgi, na san ba yabo ba ne. Shekara goma sha uku na kowace yamma. Ban raka ki makaranta ranar da aka ba ki kyauta ba saboda ina tsakiyar liƙa ƙarfe da dalma. Ban san yaushe kika daina tsoron kare ba. Idan na duba littattafan nan ashirin da wani abu, na san kaurin kowane noti, amma da wuya in ga shafin da ke ɗauke da abin da ɗayanku ya ce.

Don haka ba na roƙonki ki karanta aikin injina don ki gama min jirgi. Wallahi ba shi ba ne. In kin je kin ga ba kya son aikin, ki sauya, ina sa miki albarka. Aikin ofis ya ciyar da ku. Abin da nake roƙo ɗaya ne: kada ki sauya saboda maganar da na faɗa miki a zaure. Ƙarya ce. Na san ƙarya ce a lokacin da take fita daga bakina. Ki ba kanki zango ɗaya a gaban inji kafin ki je ofishin sauya fanni. In wani malami ko ɗalibi ya karɓi aikinki ya ce bai yi ba, kada ki ce ya yi haƙuri. Ki ce ya auna a gabanki. Da kin ce min haka ranar, ban san abin da zan yi ba, wataƙila in ƙara faɗa. Amma da ma'auni ya ƙaryata ni a gabanki.

Kuma in Allah Ya sa wata rana na ƙasa da ke ya fi ki, ki faɗa masa nan take, kafin ki samu lokacin tunani. In kika bari ya kwana, kullum nauyi yake ƙarawa.

Sauran ƙananan abubuwa kin san su, amma bari in faɗa don in samu natsuwa. Ki ɗaure mayafinki ciki kafin ki kusanci abin da ke juyawa, ki naɗe hannun riga. Kada ki share ɓarɓashin ƙarfe da yatsa. Kada ki bar mabuɗin ɗaure ƙarfe a bakin inji, tabon da ke goshina daga nan ne. Ki kare idonki, ni ban kare ba. Ki bar aiki ya huce kafin ki auna, amma wannan ke kika koya min. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba daɗi, ki kira mahaifiyarki ko da ba ki da labari.

Na naɗe fistin ɗin a ƙyalle, zan sa shi a ƙasan akwatinki tare da ma'aunina da wannan takarda. Na yi tunanin in saka shi a jirgin in hura wuta yau, ku gani kafin ki tafi. Har na fasa gawayi ƙanana. Sai na ga in na yi haka, na sake ɗaukar abinki ne na ƙawata nawa. Naki ne. In kin ga dama ki dawo da shi hutu, ki saka da hannunki. In kin ga dama ki jefar a hanya, a daidai Gagarawa ma in kina so. Ba ni da bakin cewa komai. Ban sani ba ko shekara huɗu ta yi yawa a gyara da takarda ɗaya. Ina tsoron ta yi.

Ki yafe min, Uwata. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a mota da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe. Allah Ya haɗa ki da malamai masu faɗin gaskiya, waɗanda suka fi mahaifinki. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira, Ya dawo mana da ke ina sauran gani. Amin.

Wassalam,
Babanki.

Ayyukan gobe:

1. Saka ƙunshin a akwati kafin a kulle. In an riga an kulle, roƙi mahaifiyarta.
2. Raka ta tashar mota. Faɗa mata da baki, ko kalma uku ɗin nan.
3. In na kasa, ce mata ta duba ƙasan akwati kafin ta je kowane ofishi.
4. Ɗiga maganin ido. Na manta yau.
5. Tambayi direbobin Sule Tankarkar ko Malam Sale yana nan da rai.
6. Mayar da gawayin kicin.
7. Shafa wa silinda mai, toshe bakinta da tsumma kada tsatsa ta shiga.
8. Mayar da mabuɗin zaure ƙarƙashin tabarmar salla, inda ta san yake.